Dorina ko lallashi: wanne ke gyara yaro a Zango?

Maman_Hafiz: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya, kuma don Allah a amsa mini da abin da ido ya gani. A gidan hayar da muke a Aboabo, cikin Kumasi ta Ghana, akwai magidanta biyu da nake kallo tun ina amarya. Ɗaya dorina ba ta barin bayan ƙofarsa, 'ya'yansa da sun ji tarinsa daga bakin lungu kowa sai ya rarumi littafi. Ɗayan kuwa ban taɓa jin ya ɗaga wa yaro murya ba, komai suka yi sai ya ce a ƙyale su, yara ne. Yanzu duk sun girma. Babban ɗan mai dorina ya bar gida, a beis, wato majalisar samari ta unguwa, yake kwana, ko gaishe da uban ba ya yi. Ƙanwarsa kuma tana karatun nas, ba ruwanta. Na mai lallashi, ɗaya ya kama sana'a, ɗaya kuwa har kuɗin makarantarsa ya kai wa masu caca. To ni nawa yanzu suke tasowa, babban shekararsa tara. Maigidana mai tsanani ne, ni mai magana ce, surukata kuma duk hukuncin da muka yanke sai ta warware shi da biskit. Shin yadda ake renon yaro yana canja wani abu kuwa, ko kowane ɗa da halin da ya zo da shi?

Alhaji_Goro: Wa alaikumus salam. 'Yata, wannan ba abin muhawara ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da asuba ake tashinmu mu tafi makarantar allo, mu dawo mu ɗauki kaya zuwa kasuwa, da la'asar mu koma karatu. Ka yi laifi a Alabar, wanda ya gan ka shi zai fara zane ka, kafin ka iso gida labari ya riga ka, uba ya ƙara maka. Ga mu nan ba mu lalace ba. Yau ana ce wa yaro "yi haƙuri" yana zagin sa'an ubansa. Shi ɗan mai dorinar nan, ƙaddararsa ce ta zo a haka.

Sisko_Asawase: Alhaji, waɗanda suka lalace a zamaninku ai ba su cikin guruf ɗin nan ne kawai 😂

Alhaji_Goro: Kun ga abin da nake faɗa. Yaron da na girmi babansa ne yake mayar mini da magana a bainar jama'a.

Ticha_Rabi: Baba Alhaji, a yi wa Sisko afuwa, amma akwai gaskiya a cikin wasansa. Maman Hafiz, maƙwabtan nan naki biyu kowannensu rabin aikin ya riƙe, shi ya sa sakamakon ya rikice miki. Akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Diana Baumrind, wadda a shekarun 1960 ta riƙa lura da ƙananan yara da iyayensu, ta kasa salon tarbiyya gida uku. A 1983 wasu masana biyu, Eleanor Maccoby da John Martin, suka ƙara na huɗu. Abu biyu ake dubawa: shin gidan yana da doka, kuma shin ana jan yaro a jiki ana sauraronsa. Mai dorinarki yana da doka amma ba ya jan su a jiki. Mai lallashi yana jan su a jiki amma ba doka. Wanda aka fi samun 'ya'yansa da natsuwa da ƙoƙari a makaranta shi ne wanda ya haɗa biyun: ya ce ƙarfe takwas kowa ya shigo gida, ya faɗi dalili, ya ji uzuri, amma ƙarfe takwas ɗin tana nan. Na huɗun shi ne wanda ba doka ba kulawa, kuma a wurina shi ne ya fi yawa a unguwanninmu fiye da yadda muke son yarda.

Ni a firamare nake koyarwa. Akwai yaran da in na ɗaga hannu zan gyara mayafina sai su kare kansu da hannu biyu. Irinsu ba sa taɓa cewa ba su gane ba. Da safe za ka same su a baranda suna kwafar aikin gida daga littafin wani, har kuskuren haruffansa su kwafe. Ba karatun suke gudu ba, duka suke gudu, kuma sun gano hanyar tsira.

Dan_Magazin: Ticha ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni fita ne, wato makaniken mota, a Suwame, yara suna zuwa koyon aiki daga gidaje iri-iri, kuma kafin wata ya cika nakan san irin gidan da yaro ya fito. Na gidan shagwaɓa ka ce ya wanke sifanu ya share gareji, gobe uwarsa ta zo da hijabi har ƙasa tana cewa ba bauta ta kawo shi ba. Wannan ba ya daɗewa, kuma ba ya cutar da ni. Wanda ke ba ni tsoro shi ne wanda aka daka tun yana ƙarami. Ladabi kamar me, masta sannu, masta an gama. Wani irinsu na sa ya canja baƙin mai a motar wani kwastoma, ya ɗaure notin ƙasa da ƙarfi har ya cinye zaren. Maimakon ya faɗa mini, sai ya naɗa tsumma ya cusa ya goge wurin tas. Mota ta fita, kafin ta kai Tafo mai ya tsiyaye. Allah ya sa direban ya lura da jar fitilar ya tsaya. Da na tambaye shi me ya hana shi magana, jikinsa rawa yake, ya ce a gida in ka faɗi gaskiya duka, in ka ɓoye wataƙila ka tsira. Gyaran notin nan da ya faɗa da wuri ba wani abu ba ne. Injin mutum kuwa da ya ƙone, da ni zan saya.

Alhaji_Goro: To kai ba ka dukan yaran shagonka?

Dan_Magazin: Alhaji, mastana ya doke ni da bel ɗin fanka, ban manta ba. Ni dai dokata ɗaya ce: wanda ya ɓata abu ya zo ya faɗa, mu gyara tare. Wanda ya ɓoye na gano, ya koma gida mako guda babu kuɗin abinci. Wannan ya fi musu zafi.

Abu_Sumayya: Ina so in gyara wani abu kafin a jingina wa addini abin da bai ce ba, don na san inda maganar za ta nufa. Hadisin da ake yawan kawowa shi ne na Abu Dawud, cewa a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a buge su a kanta suna da goma. A lura, tsakanin bakwai da goma akwai shekara uku na tunatarwa, salla biyar kowace rana, ba a taɓa yaro ba. Malamai kuma sun sa sharuɗɗa: ba a fuska ba, ba mai barin tabo ba, ba cikin fushi ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga ya sumbaci Hasan ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Mu kuwa yaro ɗan shekara huɗu ya zubar da koko sai a ɗauko wayar caja. Wannan fushinmu ne, kada mu sa masa rawani.

Hajiya_Kejetiya: Malam Allah ya saka da alheri. Amma ku masu cewa a zauna a yi wa yaro bayani, ina so ku gaya mini da wane lokacin. Ƙarfe uku na dare nake tashi in ɗora wake da shinkafa, kafin shida ina bakin titi, ba na shiga gida sai bayan magariba ƙafafuna sun kumbura. 'Ya'ya biyar, ɗaki ɗaya da baranda, uban yana tafiye-tafiyen mota har Bawku. In na dawo na tarar an fasa mini kula ko an ci kuɗin gawayi, ni ce zan shimfiɗa tabarma in buɗe taro? Bulala biyu ta gama magana cikin minti ɗaya. Tarbiyyar bayani ta masu albashi ce da ke tashi aiki ƙarfe biyu.

Uwar_Biyu: Hajiya wallahi kin faɗi abin da da yawa ke jin kunyar faɗa.

Ticha_Rabi: Hajiya, ban raina wahalarki ba, mahaifiyata ma kosai ta soya ta rene mu. Amma in bulala biyu tana gama magana, me ya sa ake maimaita ta kowane mako a kan laifi ɗaya? Tana tsayar da abu a daren, wannan gaskiya ne. Bayanin da nake nufi kuma ba lacca ba ce. Mahaifiyata tana jera kosai a faranti take gaya mini nawa ta sayi wake, nawa mai, nawa ya rage mana. Ranar da na ɓatar da kuɗin ciniki ba ta taɓa ni ba, cewa ta yi in lissafa da bakina abin da ba za mu ci ba gobe. Ban sake ba.

Hajiya_Kejetiya: Ke mace ce mai jin magana. Ki zo in ba ki aron na ukuna kwana biyu, za ki dawo da shi da kanki.

Nas_Zainab: Hajiya ta ba ni dariya, amma bari in faɗi ɓangaren da mu muke gani a asibiti, don in ana cewa "duka" kowa yana tuna 'yar tsumagiya a tafin hannu ne. Ba shi ke kawo yara wurinmu ba. Muna ganin yaron da aka mara a kunne har dodon kunnen ya fashe. Muna ganin yatsun da aka tsoma a ruwan zafi saboda an ɗauki nama a tukunya. Muna ganin wanda aka daka citta ko barkono aka cusa masa a gaba ko a baya, kuma uwar tana gaya maka hankali kwance cewa ita ma haka aka yi mata. Kusan duk waɗannan iyayen ba mugaye ba ne, fushi ne ya haɗu da gajiya, hannu ya wuce inda aka nufa. Binciken MICS, kan halin da yara da mata ke ciki, da Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta yi da taimakon UNICEF a 2017 zuwa 2018 ya nuna kashi 94 cikin ɗari na yara 'yan shekara 1 zuwa 14 sun fuskanci horo na duka ko na tsawa da zagi a cikin wata guda kafin a yi tambayar. Wato ba a daina duka a ƙasar nan ba, Baba Alhaji. In duka ne maganin, da yanzu babu mai shan ƙwayar tiramol ko ɗaya a Asawase.

Abu ɗaya kuma don Allah: jariri ba a jijjiga shi da ƙarfi don ya yi shiru. Wuyansa bai riƙe kai ba tukuna, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwa. In kuka ya ishe ki, ki kwantar da shi ki fita baranda, ko ki miƙa wa maƙwabciya.

Baba_Sojan_Ruwa: Duk wannan binciken na Turawa ne a kan 'ya'yan Turawa. Ɗansu daban, namu daban. Gwamnati ta kwaso ta hana bulala a makaranta, yanzu ɗalibai ke korar malamai.

Ticha_Rabi: Baba, rabin maganarka masana ma sun yi ta. A 1994 wata mai bincike, Ruth Chao, ta nuna cewa ma'aunin Baumrind bai zauna daidai a kan iyaye 'yan asalin Sin ba, domin tsananinsu yana tafe da kulawa sosai, 'ya'yan kuma suna ɗaukarsa a matsayin so. Wannan ya yi kama da namu. Amma a 2005 Jennifer Lansford da abokan aikinta sun duba ƙasashe shida, ciki har da Kenya da Indiya, suka ga cewa inda duka ya zama ruwan dare illarsa tana raguwa, amma ba ta ɓacewa: yaran da aka fi duka sun fi faɗa da fargaba a ko'ina. Batun makaranta kuwa, hukumar ilimi ta Ghana, GES, ta hana bulala a 2017, a 2019 ta fito da tsarin horo ba da duka ba. Inda nake ganin an gaza shi ne an karɓe bulala daga hannun malami mai yara sittin a aji ba a koya masa abin da zai riƙe a madadinta ba sosai. Wasu malaman sai suka naɗe hannu gaba ɗaya, suka ce ba ɗana ba ne. Wannan ya fi bulalar muni.

Ɗan_Lauya: Ƙarin bayani kaɗan, don mutane suna cewa gwamnati ta hana iyaye taɓa 'ya'yansu. Ba haka ba ne. Dokar Yara ta 1998, wato doka mai lamba 560, sashe na 13, ta hana azabtarwa da wulaƙanta yaro, ta kuma ce horo ba ya halatta idan ya wuce kima bisa shekarun yaron da lafiyar jikinsa da hankalinsa, ko kuma idan yaron ya yi ƙanƙanta da zai gane dalilin horon. Ba ta haramta horo a gida ɗungurungum ba kamar yadda Suwidin ta yi tun 1979. Amma irin abubuwan da Nas Zainab ta lissafa laifi ne, sashen DOVVSU na 'yan sanda, mai kula da cin zarafi a cikin gida, yana kama mutum a kansu, ko uwa ce ko uba ko malamin makaranta.

Boga_Bronx: Gaisuwa daga nesa. Mu a nan Amurka matsalar a juye take. Yaro ya je makaranta da shaidar bulala a hannu, dole malama ta kai rahoto, sai ka ga ma'aikatan kula da yara a ƙofarka. Yaran sun san haka, wasu har barazana suke yi da shi. Shi ya sa mutanenmu da yawa in yaro ya fara taurin kai sai a sa shi a jirgi a kai shi Kumasi ko Nima wai ya sami tarbiyya. Wani ɗan uwana ya yi haka. Abin da bai lissafa ba shi ne a gida babu wanda zai tsawata wa ɗan Amurka, tunda ubansa ke turo kuɗin abinci da na haya. Kakarsa tana ce masa "maigida", ƙannen uban suna roƙonsa takalmi. Ya koma da girman kai ninki biyu, ga shi ya koyi zaman beis. Wanda na ga abin ya yi wa amfani, uwar ce ta ajiye aikinta ta bi shi ta zauna da shi.

Maman_Hafiz: Na gode ƙwarai, ina karantawa duka. Yaya Boga, maganar kakar nan ita ce tawa sak. Jiya na hana Hafiz fita ƙwallo saboda bai yi aikin makaranta ba, ina shiga wanka Mma, surukata, ta buɗe masa ƙofa ta ba shi sidi biyu. Uban ya dawo ya ji, ya zane shi. Yaro ɗaya, laifi ɗaya, hukunci uku a yini ɗaya. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini batun 'yar mai dorina. Gida ɗaya, uba ɗaya, dorina ɗaya, ita tana karatun nas, wanta yana beis. Wannan ba hali ba ne?

Sadiya_KNUST: Anti, bari ni in gwada, don ni ma 'yar irin gidan ce. Ba tarbiyya ɗaya aka yi musu ba ko da uba ɗaya ne. A Zango 'ya mace tana da aiki daga asuba: shara, wanke-wanke, ɗiban ruwa, goyon ƙani, talla. Ko'ina ta je an san inda take, minti goma ta ƙara a hanya sai an tambaya. Tana kusa da uwa a madafa, ana hira, ana zagi, ana dariya, ana ba ta sirri. Ko uban mai zafi ne, tana da wanda take gaya wa damuwarta. Namiji fa? Da ya kai shekara goma sha biyu an ce ya girma da kwana ɗakin uwa, sai zaure ko ɗakin samari a wani gidan. Ba aikin gida, ba wanda ya san inda ya ci abincin dare. Uban ba ya ganinsa sai ranar da aka kawo ƙara, ranar kuma dorina ce za ta yi magana. To wa ya rene shi? Beis. A can ne ake tambayarsa ya ya kwana, a can ake ba shi shayi, a can ake jin labarinsa har ƙarshe ba a katse shi ba. Mu mata an matse mu har ba ma numfashi, su maza an sake su har sun ɓace, sannan a ce ƙaddara.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Yayana har ya yi aure Mma ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su yi hira. Na san al'ada ce, kuma a da akwai kaka ko gwaggo da ke karɓar ɗan farin ta riƙe shi ta ja shi a jiki. Yanzu an bar riƙon an riƙe kunyar.

Uwar_Biyu: Sadiya Allah ya yi miki albarka. Wannan magana ta ɗakin samari, a rubuta ta a ƙofar kowane masallaci.

Sisko_Asawase: A daina ɗora wa beis laifi duka fa. A beis ɗinmu muka haɗa wa mutum biyu kuɗin jarrabawar gama sakandare ta WASSCE, mu ke share kwata ranar Asabar, mu ke haƙa kabari in an yi rasuwa. Akwai na banza akwai na kirki. Amma gaskiyar Sadiya ce, ni babana ban taɓa zama da shi minti talatin muna magana ba. In ya kira sunana, abin da ke zuwa raina shi ne me na yi.

Nas_Zainab: Anti Maman Hafiz, hali ma yana nan, kada a ce babu. Tun a ɗakin haihuwa wani jaririn yana da sanyi, wani ko ƙuda ya gifta sai ya tsala ihu. Abin da ke faruwa shi ne yaro mai zafin rai yana jawo duka fiye da ɗan uwansa, dukan kuma yana ƙara masa zafi, a yi ta juyawa. Mai sanyin hali a kowane gida zai iya fita lafiya. Mai wuyar ne tarbiyya ke yi wa babban tasiri, ko ta gyara ko ta ƙarasa shi. Na ukun Hajiya Kejetiya da take son ba da aro, shi ya fi sauran buƙatar a zauna da shi.

Hajiya_Kejetiya: To ki zo ki zauna da shi, ni in je kasuwa 😂 Amma maganar gaskiya, tun da na fara tafiya da shi wurin sana'a ranar Asabar yana karɓar kuɗi yana ba da canji, ya rage fitina. Lissafinsa ma ya fi na yayyensa.

Alhaji_Goro: Yawwa. Aiki. Abin da na faɗa tun farko ke nan, ku kuka tsaya a kan bulala. Mu ba duka kaɗai aka yi mana ba. Ina da shekara goma mahaifina yake zaunar da ni kusa da shi ana zaɓen goro, yana nuna mini wanda ƙwaro ya taɓa, yadda ake jera ganye a huhu, yadda ake yi wa baƙo daga Kano ko Sakkwato magana. A tire ɗaya muke cin tuwo da shi. In ya doke ni da rana, da dare shi zai yanko mini nama daga gabansa. Kuma gidanmu mutum talatin ne, kowace mace a gidan uwata ce. Yau ka tsawata wa ɗan maƙwabci, uwarsa ta ɗaura ɗamara ta zo ƙofarka.

Ticha_Rabi: Baba Alhaji, ai ka dawo layinmu ba ka sani ba. Uban da ke cin tuwo da ɗansa yana koya masa sana'a da bakinsa, wannan shi ne mai doka da jan jiki. Ni a ganina zaman zaɓen goron ne ya gina ka, ba dorinar ba.

Alhaji_Goro: A'a malama, kada ki sa mini magana a baki. Duka biyun ne. Cire ɗaya ki ga.

Uwar_Biyu: Ni fa duk kun bar babban mai tarbiyyar zamanin nan. Waya. 'Yata 'yar shekara uku ba ta cin abinci sai an kunna mata katun, in aka karɓe ta yi ta birgima. A gidan suna za ka ga yara goma a jere kowa da wayar uwarsa, ba mai kallon wani. Mai tsanani da mai lallashi duk sun miƙa wuya a nan.

Nas_Zainab: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Dalilin shi ne yaro da bakin mutane yake koyon magana, yana faɗa ana mayar masa. Birgimar za ta yi kwana kaɗan ta wuce in ba ki ja da baya ba. In kika miƙa mata a rana ta biyu don ta yi shiru, kin koya mata tsawon kukan da ake buƙata.

Abu_Sumayya: Maman Hafiz, a koma kan gidanki. Ni abin da ya fi damuna a labarinki ba zafin maigida ba ne, ba kuma biskit ɗin Mma ba. Yaron ya riga ya gane cewa kotu uku ce a gidan, in ya faɗi a ɗaya sai ya ɗaukaka ƙara. Ki sami maigida ku biyu, ba a gaban yara ba, ku tsayar da abubuwa kaɗan da ba a sassauci a kansu, kamar salla, ƙarya da aikin makaranta, da abin da zai biyo baya in an saɓa. Sauran ƙananan a kau da kai. Mma kuwa ba ke za ki tunkare ta ba, ɗanta ne zai yi mata magana cikin ladabi. Kaka tana da haƙƙin shagwaɓa jika, wasan jika da kaka tsohon abu ne a wurinmu. Roƙon da za a yi mata kawai shi ne ta bari hukunci ya ƙare kafin biskit ya fito.

Maman_Hafiz: Malam na ji, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai maigidan nawa in aka ce ya yi wa Mma magana, shi ma komawa yake ɗan shekara tara.

Sisko_Asawase: Dorina ta yi aiki ke nan, Alhaji ya ci muhawara 😂

Baba_Sojan_Ruwa: Ni dai har yanzu ban ga wanda ya nuna mini yaron da aka rena da magana zalla a cikin Zangon nan ya zama mutum ba. A nuna mini ɗaya, mai gemu, ba ɗan firamare ba.

Dan_Magazin: Baba, zo Suwame ranar Litinin in nuna maka babban yaron shagona. Maraya ne, kakarsa ta rene shi, tsohuwar ko tsawa ba ta iya ba, amma kullum sai ta jira shi ya dawo kafin ta ci abinci, kuma sai ya ba ta lissafin inda ya je. Shi nake bar wa makullin gareji.

Baba_Sojan_Ruwa: Ɗaya ke nan. Saura tara.

Uwar_Biyu: Tunda Ticha Rabi tana nan, ina da tambaya a gefe. Ɗan yayata ya gama BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, uwar tana so a sa shi makarantar kwana ko zai natsu, uban yana cewa ya zauna a gida ya riƙa zuwa yana dawowa don a sa masa ido. Yaron irin mai zafin nan ne da Nas ta faɗa. Wanne ya fi?

Ticha_Rabi: Anti, ya danganta da wanda ke gidan da rana. Wa yake tararwa in ya dawo ƙarfe huɗu?